An hana ni raba filina biyu a Toronto wai bai dace da zubin unguwa ba, in ɗaukaka ƙara?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Na karanta tambayarka har sau biyu, bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda basu gani ba. Kace ka sayi tsohon gida a kudancin Etobicoke da ke yammacin Toronto, faɗin fuskar filin ƙafa 50, ka nemi izini a raba shi biyu ka rushe tsohon ginin ka tada gidaje biyu, ɗaya ka zauna da iyali ɗayan ka sayar ka rage bashin banki, sai kwamitin birni mai bada irin wannan izini ya zauna satin da ya wuce ya ƙi, maƙwabta sun rubuta takardu wasu ma sun zo da kansu suna cewa abin bai dace da zubin unguwa ba. Kana tambaya ko ka ɗaukaka ƙara, kuma ko wannan magana ta zubin unguwa ba wata dabara bace ta ce maka ba'a son baƙo. Aikina kenan, tsara gari, kuma na sha tsayawa a irin wannan shari'a, wani lokaci ɓangaren mai fili wani lokaci ɓangaren masu adawa, toh zan faɗa maka yadda nake gani tsakani da Allah.

Kafin komai dan Allah tashi ka ɗauko takardun hukuncin yanzu ka duba kwanan wata. Kwana 20 kacal doka ta baka. Na ƙaramin sassauci, wato izinin kauce wa ma'aunin da dokar gini ta gindaya, ana fara ƙirga shi ne daga ranar da kwamiti ya yanke hukunci, na raba fili kuma daga ranar da aka fitar da sanarwar hukuncin, shi yasa zaka iya ganin ranakun ƙarshe guda biyu da basu zo ɗaya ba, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami, su riƙe ta bayan su manta ta farkon ta riga ta wuce. Sannan fayil ɗinka ba ɗaya bane, uku ne: ɗaya mai harafin B na rabawar, biyu masu harafin A na gidajen da zaka gina, kowanne da ƙararsa da kuɗinsa. A jikin takardar an rubuta ranar ƙarshe da inda ake kai ƙarar. In ranar ta wuce babu roƙo babu uzuri. Ko kana cikin shakka, shigar da ita ka riƙe haƙƙinka, janyewa daga baya ba wuya.

Toh yanzu asalin maganar. Mu a gida in mutum yana da fuloti sai ya kira safiyo, ko ma mai igiya, a ja layi a kira mai unguwa da shaidu shikenan an raba, takarda ta biyo baya. A Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, ba haka bane ko kaɗan. Sashe na 50 na dokar tsara ƙasa ta lardin, Planning Act, ya hana ka sayar da wani yanki na filinka kana riƙe da ragowar da ke manne da shi sai da izini, kuma in ka yi gaban kanka cinikin bai ƙullu ba a idon doka, mai saye bai mallaki komai ba ko ya biya. Izinin kuma Committee of Adjustment ne yake bayarwa a Toronto ƙarƙashin sashe na 53, wato wannan kwamitin da ya ƙi ka.

Amma akwai wani abu ɗaya da nake so lauyanka ya duba maka gobe-goben nan, don ba kowa yake tuna shi ba. Wasu tsofaffin filaye masu ƙafa 50 asalinsu fuloti biyu ne cikakku masu ƙafa 25-25 a tsohuwar taswirar da aka yi wa rajista tun farkon yanka unguwar, wani ya saye su tare ya ɗora gida ɗaya a kai. In naka haka yake, kuma birni bai yi dokar soke ƙarfin wannan taswirar ba, toh cikakken fuloti ana iya sayar da shi ba tare da izinin rabawa ba. Sassaucin gini dai zaka nema har yanzu, amma rabin faɗan ya sauka. Ba kullum ake dacewa ba, amma dubawar ba ta cin ko awa ɗaya, a bayanin filin da ke jikin takardar mallaka ake gani.

In ba haka bane, ga lissafin da kwamiti ya kalla. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, in ka raba biyu kowanne ya tashi 7.62. A sassa da yawa na yankinku, musamman Long Branch, dokar zonin ta birni mai lamba 569-2013, wato dokar da ke tsara abin da za'a iya ginawa a kowane yanki, tana neman faɗin fuska mita 12, girman fili sukwaya mita 370, kuma jimillar daɓen gidan duka benaye kar ta wuce 0.35 na girman filin. A ce tsawon filinka ƙafa 120 ne, toh kowane rabi zai zama wajen sukwaya mita 279, abin da doka ta yarda ka gina a kai bai kai sukwaya mita 98 ba, kai kuma nasan ba gidan 98 ka zana ba, ƙila 180, wato kusan 0.65. Kaga ba abu ɗaya ka roƙa ba. Ka roƙi a rage faɗi, a rage girma, a ninka cikar gini kusan biyu, a matse ratar da ke tsakanin bangonka da iyakar maƙwabci, ƙila har da tsawo. Su kuma duk a dunƙule suke kallonsu.

Sunan abin ne yake ruɗa mutane, wai ƙaramin sassauci. Mai fili yana jin ƙarami sai ya ɗauka ai 'yan santimita ne, maƙwabci kuma yace ya za'a kira ninki biyu ƙarami. Dukkansu basu fahimce shi ba. Babu wani kaso da doka ta yanka tace daga nan zuwa nan ne ƙarami. Sashe na 45 yana tambayar abu huɗu kuma dole ka tsallake dukkansu, ɗaya ya kada ka ka faɗi: ko abin da ka nema ya kiyaye manufar babban kundin tsarin birni, ko ya kiyaye manufar dokar zonin ɗin kanta, ko abu ne da ya dace kuma ake so wajen amfani da wannan fili, sannan ko ƙarami ne. A 2005 kotun Divisional Court ta Ontariyo ta yi bayani a shari'ar DeGasperis cewa abu yana iya fita daga ƙarami ta hanya biyu, ko dai girmansa ya yi yawa ko kuma muhimmancinsa da tasirinsa, kuma dole a duba kowace tambaya da kanta ba a haɗe su a ce ai babu wanda ya cutu ba. Shi yasa zaka ga an amince da babban lamba a wani layi, an ƙi 'yar ƙaramar lamba a wani layin saboda bangon zai tsaya a gaban tagar kicin ɗin wani. Ita kuma rabawar tana da nata ma'aunin daban a sashe na 51, sakin layi na 24, ciki har da girma da siffar fulotan da za'a fitar, da dacewarsu da kundin tsarin birni, da ko ruwa da magudana zasu ɗauka. Duk hanyoyin nan biyu kuwa wuri ɗaya suke ɓullewa, wato zubin unguwa.

Nan ne nake so in daɗe, don nan ne ake ci kuma nan ake faɗuwa, kuma nan ne zuciyarka take maka zafi.

Ba zan ce maka zarginka bashi da tushe ba. A ƙasar nan Kanada an taɓa rubutawa ƙarara a takardun filaye cewa kar a sayar wa Bayahude ko baƙar fata, har sai da magana ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar Noble da Alley a 1950. Kuma ni da kunnena na ji mutane a zauren kwamiti suna cewa irin mutanen da zasu shigo, ko za'a cika mana layi da 'yan haya, kuma nasan abin da wasunsu suke nufi, yana kuma min ciwo har yau. Amma abin da zai amfane ka shine ka san cewa wannan maganar bata da nauyi ko na sisin kwabo a gaban mai yanke hukunci. Doka tana tsara gini ne da amfanin fili, bata tsara waye zai kwana a ciki. Tun 1979 Kotun Ƙoli ta rushe wata dokar North York, wani yanki na Toronto a yau, da ta ce sai dangi ɗaya ne zasu zauna a gida, a shari'ar Bell. Haka maganar darajar gidana zata faɗi, ko hayaniyar leburori, ko shi ai ɗan kasuwa ne riba yake nema, duk ba hujjar tsara gari bace. Toh in ka shiga ƙara da niyyar tona asirin zukatan maƙwabta ka ɓata kuɗinka, don ba shi za'a tambaye ka ba.

Abin da za'a tambaye ka abu ne da ake aunawa da tef. Kundin tsarin Toronto, a sashe na 4.1.5, yace duk sabon gini a unguwannin zama ya mutunta kuma ya ƙarfafa zubin zahiri da ke akwai, sannan ya jero su: tsarin tituna da layuka, girma da yanayin fulotai, tsawo da kaurin gidaje, irin ginin, inda gareji da hanyar mota suke, ratar gaba da gefe da baya, da filin ciyawa da bishiyoyi. An yi wa sashen gyara mai lamba 320 wanda ya fara aiki a ƙarshen 2018, kuma gyaran ya ƙara ɗaure masu raba fili, don ya shigo da kalmar abin da ya rinjaya, ma'ana abin da ya fi yawan maimaituwa, ya kuma ce a kalli wuri biyu, unguwar gaba ɗaya da kuma layinka kai tsaye, wato gidajen da ke jere da kai da na tsallaken titi masu kallonka. In biyun suka sha bamban sosai, layinka ne ya fi nauyi. Akwai 'yar ƙofa da aka bari: ko abin da kake so ba shine ya fi yawa ba, zai iya wucewa in akwai irinsa da yawa a unguwar kuma ya riga ya kafu sosai a kusa da kai.

Yadda muke yi a aikace shine mu shata iyakar unguwa a taswira, mu samo faɗin fuskar kowane fuloti daga bayanan birni, mu yi musu kala-kala, a ce ja ga masu mita 7.62 zuwa ƙasa, ruwan ɗorawa ga matsakaita, kore ga manya, sannan mu tattaro hukunce-hukuncen kwamiti na shekarun baya mu ga ina aka yarda ina aka ƙi. Bayan haka sai ƙafa. Na tuna wani aiki da na yi wa wani mai fili, a kwamfuta taswirar ta yi kyau, ja ko'ina, har na fara murna, sai na je da safe cikin sanyi dusar ƙanƙara har idon sawu, na taka layin daga wannan kusurwa zuwa waccan ina ɗaukar hoton kowane gida, sai na tarar duk jajayen nan suna can bayan babban titi ne kusa da shaguna, shi kuwa layinsa gidaje ne gajeru masu hawa ɗaya, kowanne da fili a gefe har kana hango bishiyoyin bayan gida ta tsakaninsu, babu fuloti siriri ko ɗaya. Na dawo mota hannuna ya ƙage na kira shi nace gaskiya ba zan iya tsayawa in rantse cewa wannan ya dace ba. Bai ji daɗi ba ranar, amma bai zuba kuɗi a shari'ar da zai faɗi ba. Kuma ka sani shata iyakar nan kanta faɗa ce, mai fili yana faɗaɗa ta har ta haɗiye inda ƙananan fulotai suke, masu adawa suna matse ta, mai yanke hukunci kuma ya saba da duka dabarun biyu, in ya ga ka ja layi don kawai lambobi su yi maka kyau ya daina yarda da sauran maganarka.

Yankinku kuma ya yi suna a wannan rigima. Long Branch tsohon wurin shan iska ne a bakin tafkin Ontariyo da ƙananan gidaje a manyan filaye, ya shiga Etobicoke a 1967 sannan Toronto a 1998. Da farashin fili ya hau sai magina suka yi ta sayen masu ƙafa 50 suna tsagawa biyu suna tada dogayen gidaje sirara tagwaye, gareji a ƙasa, ƙofar shiga a can sama sai ka hau matakala, har mutanen wurin suka sa musu suna gidajen sojoji saboda yadda suke tsaye ƙiƙam a jere. Abin ya kai majalisar birni ta amince da wani jagoran zubin unguwa na musamman don Long Branch a farkon 2018. Toh mutanen da suka zo maka ba yau suka fara ba, da yawansu sun san dokar fiye da wasu dillalai, kuma ƙila da zaka zo da sunan da ya fi kowane suna zama ɗan gari, haka zasu tarbe ka in zanen iri ɗaya ne. Ni a nawa ganin wasu daga koke-kokensu gaskiya ne, bango mai hawa uku a mita ɗaya daga lambun mutum abu ne mai cutarwa, wasu kuma tsoron canji ne kawai a garin da matasa suka rasa inda zasu zauna, kuma na yi imani fuloti mai ƙafa 25 da gida mai mutunci a kai ba laifi bane, tsohon cikin garin Toronto cike yake da irinsu da ma waɗanda basu kai haka ba.

Maganar ɗaukaka ƙarar kanta. Da can hukumar lardi mai suna Ontario Municipal Board (OMB) ce take ji, aka sauya ta a 2018, sannan a 2021 aka haɗe ta da wasu ta zama Ontario Land Tribunal, ita kuma Toronto a 2017 ta kafa tata, Toronto Local Appeal Body, don irin waɗannan ƙananan ƙararraki na sassauci da rabawa. Babban canjin da ya shafe ka shine dokar da ake kira Bill 23 ta ƙarshen Nuwamban 2022, wadda ta cire wa maƙwabta haƙƙin ɗaukaka ƙara a kan sassauci da raba fili. Yanzu mai nema ne, da minista, da hukumomin gwamnati ciki har da birnin, da wasu keɓaɓɓu irin kamfanonin wuta da jirgin ƙasa. Ma'ana da kwamiti ya yarda maka, maƙwabta basu da inda zasu kai ka da kansu, sai dai su bi ta kansila ya nemi majalisa ta tura lauyan birni. Wannan ne ma yasa suke zuwa zaman kwamiti da dukkan ƙarfinsu, don minti biyar ɗin nan da ake ba kowa ita ce damarsu. Amma tunda kai ne zaka buɗe ƙofar ƙara, zasu iya neman shiga, wasu a matsayin ɓangare mai cikakken haƙƙi har da kawo nasu masanin, wasu su bada bayani kawai. Kuma birni ma zai iya turo lauya da jami'in tsare-tsare su kare hukuncin kwamiti.

Shi yasa abu na biyu da nake so ka nemo bayan kwanan wata shine rahoton ma'aikatan tsare-tsare na birni a fayil ɗinka. Sun rubuta a ƙi? Sun yi shiru? Sashen kula da bishiyoyi ya yi adawa? In ma'aikata basu yi adawa ba, kwamiti ne kawai ya ga zaure ya cika ya ƙi, toh kana da ƙafar tsayawa sosai. In kuwa su ma sun ce a ƙi, ka shirya hawan dutse.

Abin daɗi shine shari'ar sabuwa ce fil, daga farko ake ji, ba wai ana duba ko kwamiti ya yi kuskure bane kawai, duk da ana la'akari da hukuncinsa. Amma ba irin zaman kwamiti bane na 'yan mintuna. Ana musayar takardu tun kafin ranar, ana rantsar da shaidu, lauyan ɗaya ɓangaren yana yi musu tambayoyin ƙure, kuma ra'ayi a kan tsara gari daga bakin wanda aka tantance a matsayin masani ne yake da nauyi. Masanin nan kuma yana sa hannu a takarda cewa biyayyarsa ga mai shari'a take ba ga wanda ya biya shi ba. Na sha ganin mai gaskiya ya zo shi kaɗai da zafin zuciya ya faɗi, saboda ɗaya ɓangaren ya zo da taswira da tebur shi kuma ya zo da labari. Kar ka je da mai zanen gidanka kaɗai, shi gini ya sani. Kana buƙatar mai tsara gari mai rajista, da lauyan da wannan ne fanninsa ba wanda ya yi maka takardun sayen gida ba, kuma ka sa a ranka kuɗinsu ba za'a dawo maka da shi ba ko ka yi nasara, don da wuya ake ɗora wa wani ɓangare kuɗin shari'a sai in ya yi rashin hankali a fili. In ka faɗi a can kuma, zuwa kotu sai da izininta, a kan kuskuren doka kaɗai ba don hukuncin bai maka daɗi ba.

Bishiya kuma kar ka raina ta, na ga ta kada aikin da komai nasa ya yi daidai. A Toronto duk bishiyar da kaurin gangar jikinta ya kai santimita 30, in an auna a tsawon mita 1.4 daga ƙasa, tana ƙarƙashin kariya ko a cikin gidanka take, ta bakin titi kuwa ta birni ce komai ƙanƙantarta. Raba fili yana nufin hanyar mota biyu, kuma sau da yawa ta biyun a kan saiwar babbar bishiyar gaban gida take faɗawa. In kuma gangar tana kan iyaka tsakaninka da maƙwabci toh taku ce ku biyu a dokar lardi, bazaka taɓa ta ba sai da yardarsa.

Ga inda nake ganin mafita take. Doka ta yarda ka gyara buƙatarka a matakin ƙara, ba dole ka je da zanen da aka ƙi ba. Sauke tsawon, sauko da ƙofar shiga kusa da ƙasa, cire garejin ƙasa in zai yiwu, rage zurfin gidan kar ya zarce bayan na maƙwabta da nisa, sa gidajen biyu kar su zama tagwaye sak, juya hanyar mota ta kauce wa bishiya. Sannan ka ɗauki zanen ka ƙwanƙwasa ƙofar na dama da na hagu da na baya. Wata dattijuwa ta taɓa zuwa zama da hoto guda ɗaya a hannu, hoton tumatirinta a jikin shinge da rana ta faɗo a kai, hannunta yana rawa tana cewa shekara da shekaru nan take shuka tun mijinta yana da rai, ita bata damu da gida ɗaya ko biyu ba, bangon ne. Aka ja bayan ginin baya kaɗan aka sauke rufin ta ɓangarenta, ta janye adawarta, wadda da an je an zauna da ita tun farko da ba'a kai ga haka ba. Haƙƙin maƙwabtaka dai mu ba sai an koya mana shi ba Alhaji, kuma a nan yana da amfani har a takarda, don sulhun da aka kawo wa mai shari'a da shaidar masani a bayansa ya fi saurin wucewa nesa ba kusa ba.

Sannan ka tambayi kanka me kake nema da gaske. In sayar da rabi ne dole don sauke bashi, toh sai rabawa. In kuwa kuɗin shiga ne ko wurin yara in sun girma, akwai hanyar da bata buƙatar yardar kowa: tun Mayun 2023 Toronto ta halatta gida mai sassa har huɗu a unguwannin zama, tun 2022 kuma ana iya gina ƙaramin gida a bayan fili, in ka tsaya cikin ma'aunin doka izinin gini kawai zaka nema, babu kwamiti babu zaure. Ka kuma haɗa da lissafin abin da ke biyo bayan nasara, don izinin rabawa da sharuɗɗa yake zuwa kuma shekara biyu ake baka ka cika su ko ya mutu: sabon awon safiyo da za'a yi wa rajista, jan ruwa da magudana daban ga kowane gida, kuɗaɗen da birni yake karɓa a kan sabon fuloti, yardar bankin da ke riƙe da bashin gidan, ga kuma haraji in ka sayar, wanda sai ka zauna da akanta tun yanzu.

Toh amsata ita ce ka shigar da ƙarar guda ukun nan kafin ranar ta wuce, amma kar ka ɗauki lauya na cikakkiyar shari'a tukuna. Fara biyan mai tsara gari ya yi maka ɗan nazarin fulotan nan, ka ce masa gaskiya kake so ba daɗin baki ba. In layinka da na tsallake suna da ƙananan fulotai da dama kuma ma'aikatan birni basu yi adawa ba, gyara zanen ka ci gaba. In kai ne zaka zama na farko a layin, ni dai ba zan baka shawarar zuba kuɗinka ba, gara ka janye ka koma kan gida mai sassa. Kafin nan, ranar Asabar ka fita da waya ka ɗauki hoton kowane gida a layinku ɓangare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ƙirga nawa ne sirara nawa ne masu faɗi, ka turo min tare da rahoton ma'aikatan da jerin sassaucin da ka nema, in sha Allahu zan duba in faɗa maka inda kake tsaye. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, a gaida iyali.